Ruwan da Malam Ya Bari

Litinin, 7 ga Yuli, ƙarfe tara na safe

Wannan littafin Malam ne, ba nawa ba. Shi ya ja layukan da rula, shi ya jera kwanan wata a gefe, kuma rubutunshi ya tsaya a ranar Juma'a. Na ɗauko ne in duba ɗigo nawa ake sawa, sai na iske biro a ciki. To bari in rubuta, tunda bakina ya gaji da amsa sannu.

Akwatin gilashi ne a falo, tsawonshi kamu biyu, a daidai inda kabad ɗina yake da. Cike yake da ruwa, tsakuwa a ƙasa, baƙin soso a kusurwa, ɗan injin iska yana ɓulɓulo kumfa ta cikin soson. Kifi fa? Ko ɗaya. Kwana goma sha uku ke nan mijina, malamin kimiyya guda, mai furfura a gemu, yana kiwon ruwa.

Ya yi mini bayani ya fi sau goma, ina ɗinki ina jin shi da rabin kunne. Wai kashin kifi dafi yake zama a ruwa, sunanshi amoniya. Wai akwai wasu halittu da ido ba ya gani, su yi gida a cikin soso su cinye dafin, su mayar da shi wani dafin, naitirait. Sai wasu irin su zo su cinye shi ma. Sai duk biyun sun ƙare ake sa kifi, in ba haka ba ya mutu. Wata ɗaya ne ko fiye. Kafin nan kullum sai an barbaɗa ɗan abincin kifi a ruwan ya ruɓe, don halittun su sami na ci. Na ce, Malam, a garin nan mutane na neman abin kaiwa baki, kai kana ciyar da ruwa? Ya yi dariya har da buga cinya.

Juma'a ya tafi Zurmi kai wa mahaifiyarshi maganin hawan jini. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, “Salma, gobe ina nan dawowa. Ki ba ruwa abinci, kuma kada injin ya tsaya.” Na ce in ruwan ya ji yunwa ya yi magana.

Abin da na faɗa mishi ke nan. Ban ce Allah ya kiyaye hanya ba. Na yi ta nema a kaina ko na faɗa, ban faɗa ba.

Asabar da la'asar motar da ya shigo ta iso Kaura. Jawo ta aka yi, ba kowa a ciki.

Yau na tuna da ruwan. Na barbaɗa abincin. Na ɗebo a ɗan bututun gilashi na ɗiga magani yadda ya rubuta. Na amoniya: kore. Na naitirait: shuɗi. Abin da ake nema, inji littafin, na farko ya koma ruwan ɗorawa, na biyu ya yi launin soɓo sannan ya dawo shuɗi. Zan kai shi nan kafin ya dawo. Shi zai sa kifinshi da hannunshi.

Litinin, bayan la'asar

Gida cike da mata, amma ƙarar injin nan kawai nake ji.

Talata, 8 ga Yuli, sha ɗaya na safe

Wayata ta yi ƙara, sunan Malam a fuskarta. Na ɗauka ina cewa Alhamdu lillahi, sai na ji ba muryarshi ba ce, ta mutanen dajin da suka ɗauke shi ce.

Armiya'u, ƙanen Malam, ya karɓe wayar daga hannuna ya fita zaure da ita. Da ya dawo idonshi ja. Ya ce, “Anti, sun bari na ji shi. Shina da rai. Wayar ga kada ta mutu ko da minti guda, ta nan sunka ce za su riƙa kira.”

Na ce nawa suka ce a biya? Ya faɗa. Ba zan rubuta shi a littafin Malam ba.

Yaranmu na karatu a Gusau wajen Yayata. Mun bar su can, ba a faɗa musu ba.

Kore. Shuɗi.

Laraba, 9 ga Yuli, azahar

Inna Asta ta iso daga Zurmi, ta biyo ayarin motocin da ake yi wa rakiya. Ƙunshin kaya ɗaya da ƙwaryarta. Na tarbe ta ina kuka, ita ta dafa kaina ta ce, “Kin rame, ɗiyata. Kina cin abinci?”

Shi ke nan. Ba ta tambayi komai ba. Malam ɗanta ne na fari, Bafillatana ce ta gaske, shekara goma sha shida ina gidan nan ban taɓa jin sunanshi a bakinta ba. Wancan take ce mishi. Na san al'ada ce, na san kunya ce, amma wallahi yau sai da na ji kamar in girgiza ta. Ɗanki fa, Inna! Wajenki ya je!

Ta shiga falo ta tsaya gaban gilashin ta daɗe.

“Mi a wanga?”

Na ce na Malam ne, na kifi.

Ta leƙa ta sama, ta leƙa ta gefe. “Ina kifin?”

Na ce sai ruwan ya nuna.

Ta dube ni. Ta fita tsakar gida ta ɗauki tsintsiya ta share inda aka share ɗazu.

Alhamis, 10 ga Yuli, la'asar

Hadiza maƙwabciyata ta ce in zubar da ruwan nan in huta, wai ba kyau mata su zo jaje su iske inji na waƙa a falo kamar gidan biki. Na ce Hadiza, ki sha ruwanki ki tafi. Ta ce ita don Allah ta faɗa. Na ce ni ma don Allah na ce ki tafi.

Ban taɓa korar mutum daga gidana ba sai yau.

Asabar, 12 ga Yuli, takwas na safe

Ikon Allah! Na ɗiga maganin naitirait, ina riƙe da bututun, sai ga shuɗin yana juyawa a idona har ya zama soɓo. Na buɗe littafin da sauri. Can baya Malam ya rubuta: in ya yi wannan launin, halittun farko sun kama aiki.

Ashe da gaske suna nan. Ashe ba shirme yake yi ba.

Dariya ta kuɓuce mini, da ƙarfi, ni kaɗai. Na ɗago na ga mata huɗu a kan tabarma suna kallona baki buɗe. Mako ɗaya cif yau da motar.

Lahadi, 13 ga Yuli, azahar

Ba su kira ba.

Litinin, 14 ga Yuli, azahar

Ba su kira ba. Kore, soɓo.

Talata, 15 ga Yuli, goma na safe

Inna ta wanke labule. Ta wanke tabarmi. Ta wanke tukwanen da ba a dafa komai a ciki ba, ta kankare gindin randa, ta fito da takalman Malam duka ta goge ta jera a inuwa. Ba ta zama sai sallah. Hannunta duk ya yi fari ya tattare saboda omo.

Na ce Inna ki huta. Ta ce, “Zama ciwo shi ka sa ni.”

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan azahar

Kwana biyu hadari, ba rana. Wutar gari kuwa an manta kamanninta. Batirin sola ɗaya gare mu, shi ke jan injin, shi ke cajin waya. Da safe ya fara kuka yana nuna ja.

Armiya'u ya ce, “Anti, cire abin ga.”

Na ce Malam ya ce kada ya tsaya.

Ya ce, “Anti Ummusalma! Ruwa ko Yaya?”

Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Na cire. Falon ya yi tsit, ban san haka shirun yake da nauyi ba. Na zauna ina kallon soson, ba kumfa ko ɗaya, ina tuna inda ya rubuta cewa halittun nan iska suke shaƙa kamar mu.

Sai na ɗauko moɗa. In ɗebo ruwan, in ɗaga sama, in tsiyaye a kan soson, ya yi kumfa. In sake. Ban san ko yana da amfani ba, littafin bai faɗa ba. Na yi ta yi har kafaɗata ta riƙe. Ina cikin yi na ji an zare moɗar daga hannuna. Inna ce. Ba ta tambaye ni dalili ba, ta ci gaba daga inda na tsaya, ni na je na yi sallah.

Wayar ta cika taf. Ba su kira ba.

Juma'a, 18 ga Yuli, tara na safe

Rana ta fito. Injin ya tashi. Na ƙara musu abinci fiye da kullum, don haƙuri.

Asabar, 19 ga Yuli, la'asar

Sun kira. Armiya'u ya yi awa ɗaya a zaure, ina jin shi yana ta “Don Allah, don Annabi.”

Yau keken ɗinkina ya bar gidan nan, an sayar. Ban fito na ga fitarshi ba. Inna kuma ta aika wa Lado, ƙanenta da ke riƙe mata shanu, ya kora su kasuwar Shinkafi. Duka. Ta faɗi haka tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Amoniya ya koma ruwan ɗorawa. Rabin tafiya ke nan. Saura soɓon ya dawo shuɗi.

Litinin, 21 ga Yuli, bakwai na safe

Na tashi na iske ruwan ya yi fari fat kamar an dama ƙullu a ciki. Na bi littafin shafi-shafi, sai ga shi: in ya yi fari, abinci ne ya yi yawa, a bar shi kada a taɓa, zai washe da kanshi. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin kada a taɓa.

Inna ta zo ta duba ta ce, “Ruwan wancan ya ɓaci.” Na ce a'a Inna, ba komai. Ina sauri, ban ƙara mata da komai ba.

Talata, 22 ga Yuli, gab da magariba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban san ta inda zan fara ba.

Tun safe muka fita da Armiya'u, wai sai matar mutum ta je da kanta ta sa hannu a wata takarda. Muka wuni a kan benci. Da la'asar na dawo, tun daga zaure na ji ƙamshin omo. Na shiga tsakar gida na ga tsakuwar Malam shanye a kan buhu tana shan rana. Na ga soson rataye a igiya, an matse shi, an kama shi da abin shanya kusa da ɗankwalina.

Na shiga falo. Gilashin na ƙyalli. Ruwa garai-garai, sabo, na 'yan ga-ruwa. Ga wani farin dunƙule a ƙasa yana narkewa, alimun, wanda ake jefawa a randa in ruwan gulbi ya yi laka don ya kwanta.

Inna na tsaye a gefe da zaninta a jiƙe. Wallahi fuskarta a sake take, rabon da in gan ta haka tun zuwanta. Ta ce, “Dibi, ɗiyata. Soson ga sai da na yi mai wanki huɗu, santsi kamar majina. In wancan ya taho ya iske abinai tsaf.”

Ban san lokacin da na buɗe baki ba. Na ce wa ya sa ki? Wa ya aike ki? Na ce kwana ashirin da takwas! Na ce ke ba ki kuka, ba ki tambaya, ba ki ko kiran sunanshi, sai wanki, sai wanki, to ga shi kin wanke shi! Na ce kin kashe, Inna, kin kashe!

A gaban Armiya'u. A gaban matan da ke tsakar gida. Uwar mijina.

Ta dubi hannunta, ta goge a zani, ta wuce ɗaki.

Laraba, 23 ga Yuli, goma na safe

Na zubar da ruwan alimun. Na ɗauraye soso da tsakuwa har sau bakwai don omon ya fita, na zuba ruwan da ya kwana a bokiti. Na gwada. Ruwan ɗorawa da shuɗi, daidai launin da nake nema. Na tsaya ina kallo kamar wawuya. Launin daidai ne don ba komai a ciki, ba dafi, ba mai cin dafi.

Na barbaɗa abinci. A gefen shafi na rubuta kwana na ɗaya.

Inna ba ta karya ba. Ba ta wanke komai ba yau.

Juma'a, 25 ga Yuli, la'asar

Armiya'u ya ɗauki abin da aka haɗa ya tafi inda suka ce, tun da hantsi. Na gyara gado. Na dafa miyar kuka da man shanu yadda Malam ke so.

Ya dawo shi kaɗai, ba takalmi a ƙafarshi. Ya zauna a dakalin zaure ya ce sun karɓa. Ya ce sun ce saura.

Na ba maƙwabta miyar.

Asabar, 26 ga Yuli, safe

Kore.

Lahadi, 27 ga Yuli, bayan azahar

Kwana biyar muna wuce juna ni da Inna, gaisuwa kawai. Na so in ba ta haƙuri, in na buɗe baki sai ya ƙi fita. Yau ina zaune gaban gilashin ta shigo ta zauna a ƙasa kusa da ni.

Ta ce, “Gaya mani abin da na kashe.”

Na faɗa mata yadda Malam ya faɗa mini, da dafin, da halittun, da gidansu a soso. Na ce santsin nan da kika wanke, su ne. Ina faɗa ina jin muryarshi a bakina, har da yadda yake ɗaga yatsa.

Ta ce, “Santsi irin na dutsin gulbi? Wanda ka kada mutum in ya taka?”

Na ce ina jin shi ne. Na ma karanta mata inda ya rubuta cewa in an samu soso ko tsakuwa daga ruwan da kifi ya daɗe a ciki, aka kawo a jiƙe, aikin yana sauri. Ya rubuta a gefe: amma wa ke da shi a Kaura?

Ta ce, “Uhm.” Ta tashi.

Litinin, 28 ga Yuli, sha biyu na rana

Sai yanzu na samu na zauna.

Bayan sallar asuba na kai wa Inna kunu, ba ta ɗaki. Ba ta bayi, ba ta maƙwabta. Ƙwaryarta ba ta nan. Armiya'u ya hau babur ya zaga tasha, ya zaga kasuwa, ya je asibiti. Ni ina tsakar gida ina juyi, ina cewa shi ke nan, bakina ya kore ta, ta kama hanyar Zurmi da ƙafa, mutum biyu ke nan a wuyana.

Wajen sha ɗaya sai ga ta. Ƙwarya a ka, zani jiƙe har ƙugu, laka har gwiwa, ƙafarta ɗaya na jini. Ta sauke ƙwaryar a gabana. Duwatsu ne baƙaƙe masu santsi, ruwa ya rufe su, ta kuma lulluɓe da ganye don kada rana ta taɓa.

Gulbi ta je. Bayan gari, inda ko maza sun bar noma bana. Gulbin da ya cika yana tafiya da itace. Tsohuwa mai hawan jini.

Armiya'u ya kama kai ya ce, “Inna! In sunka gan ki hwa? In ruwa ya ja ki?”

Ta ce, “Mi za su yi da tsohuwa.” Ta dube ni. “Ban bari sunka bushe ba. Sa su maza.”

Na durƙusa na kama ƙafarta mai jinin, na ce Inna ki yafe mini, ki yafe mini don Allah. Ta ce in tashi duwatsu na jira. Tare muka jera su kewaye da soson, hannunta da nawa a cikin ruwan. A nan na ga haɓarta na rawa. Ta ce ruwan ne da sanyi.

Alhamis, 31 ga Yuli, safe

Soɓo! Kwana uku kacal. Na kai wa Inna bututun har ɗaki. Ta ɗaga shi a hasken taga ta ce, “To.”

Asabar, 2 ga Agusta, azahar

Sun kira. Armiya'u ya roƙa a ba ni shi. Na ji numfashi, na ji an ce “Salma,” sai aka kashe. Muryar ta tsufa.

Talata, 5 ga Agusta, safe

Ruwan ɗorawa, soɓo. Yanzu Inna ke barbaɗa abincin, da yatsa biyu, yadda take sa gishiri. Ta fi ni iya kimantawa.

Gonar su Malam ta Zurmi ta bi keke da shanu.

Alhamis, 7 ga Agusta, safe

Soɓon ya fara tsinkewa.

Asabar, 9 ga Agusta, takwas na safe

Shuɗi.

Na sake gwadawa, shuɗi. Na wanke bututun na sake, shuɗi. Jiya aka ba shi abinci, yau ba dafi ko na farko ko na biyu, kuma wannan karon don akwai masu ci ne. Littafin ya ce in an kwana uku a haka, ruwa ya yi.

A shafin ƙarshe akwai lambar wani Muttaka mai kifi a Gusau, da sunayen kifayen da Malam ya zaɓa, guda shida. Armiya'u ya ce in kira a kawo, ko gidan ya yi haske. Na ce a'a. Ba ni zan sa ba.

Talata, 12 ga Agusta, la'asar

Kwana huɗu, ruwan ɗorawa da shuɗi. Sun ce Alhamis.

Ban gyara gado ba. Ban dafa komai ba.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan la'asar

Ya dawo.

Ya dawo, ya dawo, Alhamdu lillahi, ya dawo.

Armiya'u ne ya riƙo shi daga mota. Rigar da ya fita da ita ce a jikinshi. Ba zan rubuta ƙafafunshi ba. Ba zan rubuta wuyan hannunshi ba. Inna ta leƙo daga ƙofar ɗaki ta dube shi sau ɗaya, daga sama har ƙasa, ta koma ciki ta tayar da sallah. Har yanzu ba ta sallame ba.

Juma'a, 15 ga Agusta, sha ɗaya na safe

Mai magani ya zo ya duba shi ya tafi. Maza cike da zaure, mata cike da tsakar gida, kowa barka, barka. Shi ya ƙi fita. Daga uwar ɗaki sai falo, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango inda yake ganin ƙofa. In an yi sallama da ƙarfi sai ya zabura.

Da aka ɗan sarara na ɗebo ruwan a gabanshi, na ɗiga, na jira, na miƙa mishi bututun biyu. Na ce Malam, dubi. Ya yi. Kwana bakwai ke nan. Na ba shi labarin moɗa, da alimun, da duwatsun Inna, ina yi ina dariya ina share hawaye. Na ce kifinka kawai ake jira.

Ya karɓa ya duba. Ya ce, “Madalla.” Yadda ake ce wa baƙo.

Amma ya daɗe yana kallon ruwan. Na ce a raina, to, a hankali.

Asabar, 16 ga Agusta, tara na safe

Ruwan ya ragu da yatsa huɗu. Na shafa gindin gilashin da kusurwoyi, a bushe. Ƙasa a bushe. Da damina ruwa ba ya tsotsewa haka. Na tambayi Inna, ta ce ita ko kusa ba ta je ba, ta ɗaga hannu biyu. Na cika da wanda ya kwana a bokiti.

Kofuna biyu sun ɓace a kicin, da butar Malam.

Lahadi, 17 ga Agusta, bayan azahar

Na bar tuwo a wuta na shigo ɗaukar ashana. Na iske shi durƙushe gaban gilashin, ya zura kofi a ciki a hankali don kada ya yi ƙara, yana waiwayen ƙofa. Da ya gan ni ya ɓoye kofin a bayanshi. Malam. Mijina. A falonshi.

Ya sa yatsa a baki. Ya kama hannuna ya ja ni uwar ɗaki, ya ɗaga zanin gado. Ƙarƙashin gadon cike yake. Buta, kofuna, gorunan lemo, kwalbar maganin Inna, kwanon shana na aure, kowanne cike da ruwa an rufe shi da takarda ko murfi, an jera su tsaf a layi.

Na ce Malam, ga randa a tsakar gida cike. Ga bokitai.

Ya ce, “Can akwai mutane.” Ya matso da bakinshi kusa da kunnena. “Ba kullum su ka bayarwa ba, Salma. Wani lokaci kwana biyu. In kin samu ki aje.”

Injin na ta ɓulɓula a falo.

Ya laluba can ciki ya jawo kwanon shan, ya buɗe murfin, ya tsince wani ɗan ganye da ke yawo a kai. Ya miƙo mini da hannu biyu, yana kula kada ɗigo ya zuba.

“Wanga naki na. Tun jiya na aje maki. Sha maza kafin su shigo.”

Na karɓa. Ƙarnin gulbi yake yi da na abincin kifi. Yana kallon bakina.

Na shanye duka, na ce mishi na gode.